Giwaye Goma Sha Ɗaya

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan wadda nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, domin na ji ta a bakin jikokina har sau uku, kuma kowane karo sai an ƙara mata gishiri. Wai ranar da Malam Yohanna ya lallasa mu, tsufa ne ya sa yatsan Alhaji ya zame, ya saki giwayensa kafin su cika. Wasu kuma suna cewa ranar ce ta nuna tara giwaye dabarar banza ce. To, lallasawa dai an lallasa mu, duk unguwa ta shaida, ba zan yi musu ba. Amma yatsana bai zame ba, kuma giwa ba banza ba ce. Wanda bai san zancen ba kada ya ɗauka giwar daji nake nufi, giwayen cikin wasan yaƙi ne na waya, wanda muke bugawa kowace Asabar bayan la'asar ni da babban ɗana Bashiru da ƙanwarsa Rabi. Ku ƙananan da ba ku san farkon abin ba, da ku jikoki masu dariya, ku karanta ku ji yadda aka yi.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina jan jirgin ruwa mai ɗaukar kaya tsakanin Yelwa da Wara. Albasa, shinkafa, kwandunan kifin banda, awaki, babura, mutane a saman buhuna, babu abin da ban ɗauka ba. Wanda ya koya mini aikin, Allah Ya jiƙansa, ya ja wani layi da jan fenti a gefen jirginsa. Ya ce da ni inji ba ruwansa da ko jirgi ya cika ko bai cika ba, mansa ɗaya zai sha, saboda haka kada in kwance igiya sai ruwa ya taɓa layin nan, kada kuma in yarda ya haye shi. Da na sami jirgin kaina, abin da na fara saya gwangwanin jan fenti ne. Na riƙe dokar nan kamar karatun allo. Mata su yi ta fifita da gefen gyale cikin rana, 'yan kasuwa su yi ta zagina ciki-ciki, ni kuwa ina zaune ina shan furata, ina leƙa layi. Har suna aka sa mini a tasha, Garba Sai-ya-cika, ban kuwa taɓa jin haushinsa ba, alfahari ma nake yi da shi. Ban taɓa nutsar da kowa ba, kuma da wannan hali na gina gidan da kuke kwana a ciki, na sa ku makaranta, na je Makka na kuma kai Innarku. Ina faɗin wannan don kada ku ɗauka halin ba shi da amfani. Yana da shi, sai dai akwai ranar da ya cuce ni.

Ranar ita ce ta ɗaurin auren Bashiru. An sa shi ƙarfe sha ɗaya na safe a nan Yelwa, kashegarin cin kasuwar Wara. Ina shirin fita Innarku ta tare ni a zaure.

"Alhaji, ka bar tahiyar ga mana. Gobe za a ɗaura ma ɗanka aure."

"Da hantsi ina nan," na ce. "Mi za ya tsai da ni?"

"Kai za ka tsai da kanka," in ji ta. "Na san ka."

Na kwana a Wara. Da asuba na leƙa, saura kamar yatsa huɗu ruwa ya taɓa layi. Wani mai kifin banda ya rantse mini kwandunansa suna kan hanya daga ƙauye, yanzun nan za su iso. Na dubi rana, na dubi layi, na ce wa kaina rabin awa ba za ta ɓata komai ba. Rabin awa ta zama awa biyu. Akwai motoci a tasha da ke bin titi zuwa Yelwa, da na ɗaure jirgin na shiga ɗaya da na iso da sauran lokaci, amma wallahi tunanin bai ko gifta mini ba, idona yana kan fenti. Da na iso ƙofar gidan surukai, an shafa fatiha, an raba goro da dabino, ana naɗe tabarmi. Ƙanena ne ya zauna a gurbina, shi ne ya yi ta amsa wa mutane cewa ina hanya. Bashiru yana tsaye cikin farar babbar riga, ni kuwa ina ƙarnin kifi. Ya zo ya durƙusa kamar yadda aka koya masa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da ma bayanta. Ni kuma ban ba shi haƙuri ba, domin a yadda muka tashi uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗa ya yi kuskure. Abin da na yi, bayan wata uku na shiga shago na ce a nuna mini firjin da ya fi kowane girma, na sa aka kai masa Kaduna inda yake aiki. Saƙon godiya ya turo a rubuce, layi biyu. Daga nan muka shiga wasu shekaru shida waɗanda ba faɗa muke yi ba, ba kuma shiri ba. Ranar salla zai kira, ya ce ya jiki, ya ruwa, in ce lafiya lau, shi ke nan sai ya ce a ba Inna. Ita kuwa su yi ta hira har waya ta yi zafi, ina tsakar gida ina yin kamar ina gyaran rediyo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ban dai faɗa wa kowa ba.

Shekarar da gwiwata ta ƙi, na bar ruwa, na ba ɗan ƙanena jirgin. Mutumin da ya saba da hayaniyar tasha, aka ce ya zauna gida. Rabi, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ta zo hutu ta same ni ina faɗa da kaji. Ta kawo mini wata waya mai faɗin allo, ta ce ta sa mini wasa a ciki. Na ce ta rufa mini asiri, ni da furfurata.

"Yaya Bashiru ma shina bugawa, Baba," ta ce. "Mutum ukku aka so kowane ɓangare, mu kuwa mu biyu na, kullum sai an haɗa mu da baƙo. Kuma ana magana cikin wasan, kowa shina jin kowa."

"Ana magana?"

"Awa guda cur."

Na ce ta miƙo mini tabarauna.

Ga yadda wasan yake, don wanda zai karanta wannan bayan wayoyin sun canza. Mutum uku ne suke yaƙar mutum uku. Kowa yana farawa da ɗan ƙaramin gari da ma'aikata kaɗan, su sari itace, su yi noma, su haƙo zinariya, da waɗannan kake gina gidaje da ganuwa, ka fitar da mayaƙa. Ɓangaren da aka ƙone garuruwansa duka shi ya faɗi. Da yake ni sabon shiga ne, suka sa ni a baya, Bashiru a gaba ta inda abokan gaba suka fi ɓullowa, Rabi a ɗaya gefen. Asabar ɗin farko ban tsinana komai ba, amma na ji muryar ɗana awa guda. Baba, kai ma'aikatanka wajen itace. Baba, ba nan ba, hagu. Umarni ne kawai, amma ni ya ishe ni. A Asabar ta uku na gina gidaje na kewaye kaina da su, na manta ban bar ƙofa ba, mayaƙana suka yi ta zagaye a ciki kamar tumaki a garke. Bashiru ya yi dariya har da tari. Rabona da jin wannan dariya tun kafin aurensa. Ranar na ci tuwo malmala uku, Innarku tana kallona tana murmushi.

Ba a daɗe ba na gano giwa. A duk mayaƙan wasan babu mai tsadarta, babu mai jinkirin fitowa kamarta, babu kuma mai ƙarfinta. Ɗan mashi da ɗan baka araha ne, kana dannawa suna fitowa, ana taɓa su suna mutuwa. Giwa kuwa sai ka tara abinci da zinariya mai yawa, ka jira, ka sake jira. Da na ga yadda take dukan ganuwa tana zubewa, na ce na sami abin yi. Na yanke wa kaina adadi, ashirin. Ba na fita da sha tara. In suka cika na sake su, Rabi ta biyo bayansu da maharbanta, sai ka ga garin abokan gaba kamar shanu sun kwana a gonar wake. Mun ci wasa da yawa a haka, kada wani ya gaya muku ba mu ci ba.

Malam Yohanna maƙwabcina ne shekara ashirin, tsohon hedimasta, mutumin tuddan bayan Ngaski. Kowace yamma kowa zai ɗauko kujerarsa ta roba mu haɗu ƙarƙashin mangwaron bakin titi, inda ake hango ruwa, mu yi gardama a kan duk abin da ya samu. Ashe shi ma 'ya'yansa maza biyu sun sa shi a wannan wasa. Daga ranar da muka gane haka, siyasa ta huta, farashin taki ya huta, sai zancen giwa.

"Alhaji, ka yi tunani," in ji shi, yana ɗaga yatsa kamar yana gaban aji. "Abin da ka kashe ma giwa guda, shi za ya ba ni 'yan mashi takwas, takwas ɗin nan kuwa suna kada ta. Ga ta da nawa, kahin ta kai inda aka hwaɗa an watse. Kuma duk lokacin da kaka tara su, ɗiyanka biyu suna hwaɗa da mutum ukku."

"In sun taru hwa, Malam?"

"In sun taru, in tattara in gudu. Amma wa za ya bari su taru?"

Gaskiyarsa ce, ni ma kuma gaskiyata ce. Giwa biyar nama ce, 'yan mashi za su kewaye su ɗaya bayan ɗaya. Giwa ashirin a jere, da maharba a baya, kafin mashi ya kai jikinsu an tattake masu shi. Abin da ban sa a awo ba shi ne wanda ke shan dukan a mintocin da nake jira. Gardama ta yi gardama har muka sa rana, gidana da gidansa, Asabar ta biyu mai zuwa. Wanda ya faɗi zai riƙa ɗauko wa ɗan uwansa kujera daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro, ya kuma mayar, wata guda.

Asabar ɗin da ta rage kafin ranar muka buga da wasu baƙi. Biyu daga cikinsu suka haɗu a kan garin Bashiru.

"Baba, turo abin da kake da shi."

"Saura shida," na ce.

"Baba, sun fasa ganuwa."

"Saura huɗu, yi haƙuri."

Ya kira sau uku, sannan garinsa ya ƙone ƙurmus, ya zama ɗan kallo. Giwayena suka cika, na sake su, na share garuruwan nan uku ɗaya bayan ɗaya, muka ci wasa. Ina ta ƙyaƙyata dariya ina cewa kun gani, kun gani. Bashiru ya daɗe a Kaduna har harshensa ya koma irin nasu, amma da ya buɗe baki a ranar, Hausar gidan nan ce ta fito.

"Na gani, Baba. Kullum haka na. Sai an naɗe tabarmi kaka isowa, da kaya cike."

Ya kashe wayarsa. Na zauna riƙe da tawa, an rubuta mun yi nasara da manyan baƙaƙe. Shekara shida bai taɓa ambaton ranar ba, ni har na fara gaya wa kaina ya manta. Kashegari Rabi ta kira ni, tana ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗa. Yayanta ya ce zai buga na Asabar mai zuwa don an riga an yi wa Baba Yohanna alkawari, daga shi ya daina, aiki ya yi masa yawa. Na san ba aiki ba ne. Na kuma san in wasan nan ya mutu, mun koma gaisuwar salla ta minti ɗaya, kuma a shekaruna ban san salla nawa ta rage mini ba.

Na sami Innarku tana tsintar shinkafa a faifai, na fara kare kaina tun ba ta tambaye ni ba. Na ce ai mun ci wasan. Na ce me giwa goma sha huɗu za ta yi wa rundunar mutum biyu, asara ce kawai.

"Ni ban san giwa ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma ranar aurenai, da ka zo da jirgi wayam, kai kaɗai ciki, wa za ya tambaye ka buhu nawa ka ɗauko?"

Na ce mata ba ta fahimci wasan ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsintarta.

Ranar karawa ta zo. Bayan la'asar muka kafa kujeru a gindin mangwaro, ni da Malam Yohanna muka juya wa juna baya don kada wani ya leƙi allon wani. Mai shayi ya matso, masu facin taya suka bar aiki, har liman ya tsaya wai yana wucewa ne. 'Ya'yansa suna can inda suke aiki, nawa ma haka, kowane ɓangare yana jin nasa a kunne. Muka fara. Hannuna ya yi kyau a ranar fiye da kullum, gonakina suka yalwata, zinariya tana shigowa ba tsayawa. Babban ɗan Malam ya fara matsa wa Rabi har ya cinye mata yawancin maharba, sannan ya juya ya haɗu da ƙanensa, su biyu suka nufi Bashiru. A ɗan taswirar da ke ƙasan allo na ga jan launin mayaƙansu ya taru a ƙofar garinsa. Na dubi giwayena, goma sha ɗaya.

Na jira in ji ya ce Baba turo. Bai ce ba. Rabi tana ta magana, tana cewa ba ta da abin aikawa, shi kuwa shiru, sai numfashinsa nake ji da kukan 'yarsa daga wani ɗaki. Ganuwarsa ta fara zubewa bai kira ni ba. A nan na gane abin da ya fi zagi ciwo, yaron ya daina sa ran zan zo. Irin shirun da ya yi mini ne cikin farar riga a ƙofar gidan surukai.

Kada ku ɗauka ban auna ba. Na auna sarai, da kan mai jirgi. Tara suka rage, minti huɗu ko biyar. Garin Malam Yohanna yana can baya da 'yar siririyar ganuwa, ashirin za su shafe shi, sannan in juyo kan 'ya'yansa da sun riga sun gaji. Nasara tana hannuna, kujera tana kan Malam, gardamar wata uku ta ƙare a gabana da shaidu. Yatsana yana kan wurin fitar da giwa ta sha biyu. Na ɗauke shi da gangan, na zagaye sha ɗayan nan na nuna musu garin Bashiru, zinariyar da ta rage kuma na zubar da ita kan 'yan mashi masu araha, don su suna da gudu, su riga giwayen isa.

"Bashiru, riƙe ƙohwa," na ce. "Ga ni nan tahe. Ba su cika ba."

Ya ce, "Nawa na?"

"Sha ɗaya."

"Baba, kashe su za su yi."

"Na sani."

Haka kuwa aka yi. 'Ya'yan hedimasta sun ji karatun ubansu, 'yan mashi suka tara kamar ƙasa. Amma mun isa garin yana tsaye. Rabinsa yana cin wuta, ma'aikatansa suna gudu, babban gidansa dai bai faɗi ba. Bashiru ya farfaɗo, ya fara magana da sauri, Baba ja su baya, Baba bar mini na dama, Rabi kawo ko biyar ne. Muka yi kusan kwatar awa muna faɗa kafaɗa da kafaɗa a ƙofar nan, giwayena suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi sai na ji kamar an cire mini haƙori. Duk da haka ban taɓa jin daɗin wasa irin na wannan kwatar ba. Muka kore su. Muna cikin murna, Bashiru yana cewa mu gyara ganuwa, sai ga wani abu ya ɓullo daga kudu, baƙi ƙirin, a jere, yana tafe a hankali. Giwaye ne, sun fi goma sha biyar. Na juya da kujerata gaba ɗaya.

"Malam! Giwaye?"

"Ni ban taɓa cewa ba su da amfani ba, Alhaji," in ji shi, ko kunya babu. "Cewa na yi wa za ya bari su taru. Ni tun jiya na tambayi ɗiyana ko za su iya riƙe mini, sunka ce za su iya."

Cikin minti kaɗan ya tattake mu duka uku. Mai shayi ya yi guɗa kamar mace, masu faci suka ɗaga Malam sama. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini lokacin da na saki nawa, shida kacal gare shi, da na jira na zo da ashirin da ya gama yawo. Na ce masa na sani, ba sai ya tuna mini ba. Amma maganarsa ta tambaya ta zauna mini a rai. Shekara talatin ina sa mutane jira, fasinja da iyali, ban taɓa tambayar ko mutum ɗaya ko zai iya jiran ba.

Na dawo daga sallar magariba ke nan waya ta yi ƙara. Bashiru ne, kuma ba ranar salla ba ce, ba kuma Inna yake nema ba.

"Baba, da ka jira da mun ci."

"Na sani."

"To mi yas sa?"

"Na gaji da isowa ana naɗe tabarmi," na ce. Tunda na kwance igiya sai na ƙarasa. "Ranar aurenka na yi kuskure, Bashiru. Kwandunan kihi na tsaya jira, ba wani abu ba. Ka yahe mini."

Sannan ya ce, da wata murya da ba tasa ba, ya wuce, Baba, Allah Ya yafe mana duka. Daga nan muka shiga hira kamar an buɗe famfo. Ya tambayi gwiwata da gaske, ya ba ni labarin 'yarsa da ta fara tafiya, ya ce firjin nan har yau yana aiki, sai dai ranar da aka kawo shi sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Muka yi dariya. Wayata ta yi zafi a kunnena. Innarku tana tsakar gida, ita ce yau take yin kamar tana neman wani abu a kwando.

Kujera kuwa na ɗauke ta, kwana talatin ba fashi. In fito da sandata a hannu ɗaya, kujerar Malam a ɗaya, shi yana biye da ni ya goya hannu a baya kamar mai duba makaranta, yana gaisawa da mutane. Matan unguwa suna leƙowa suna cewa Alhaji an koma dako. Ya so ya yafe mini a kwana na goma saboda gwiwa, na ce bai isa ba, alkawari na yi. Ban ji nauyinta ba ko kaɗan, Allah Ya sani.

Ga amsata ga masu cewa tara giwaye dabarar banza ce. Dabara ce mai kyau, na ci da ita, an kuma ci ni da ita. Sai dai ba kai kaɗai kake biyan tsadarta ba, wanda ke tsaye a ƙofa yana shan duka shi ke biyan rabi, saboda haka nasa ne ya ce ya yarda, nasa ne kuma ya ce ya isa. Ni ban koyi wannan a ruwa ba, sai da na tsufa na koye shi a waya.

Asabar ɗin da ta biyo bayan faɗuwarmu, wadda aka ce Bashiru ba zai zo ba, na kunna waya tun kafin lokaci ina ta kallon wurin sunansa. Ya shigo. Kafin a fara ya ce:

"Baba, minti nawa kaka buƙata?"

"Na mi?"

"Na giwa ashirin. Ni zan yi ganuwa biyu, Rabi ta kawo maharba wajena, mu riƙe maka. Amma in na ce zo, ka zo, ko nawa na."

"Ko guda ɗaya ta," na ce.

Suka riƙe, na yi ta tarawa. Can wasa ya yi zafi, na ji ya ce, "Baba, zo." Na sake su nan take. Rabi ce ta gaya mini daga baya wai goma sha bakwai ne, ni ban tsaya dubawa ba.